Bello Huɗu, A'isha Biyu

Sunayen da mu Hausawan Gadarif muke raɗa wa 'ya'yanmu ba su da yawa. Usman, Abdullahi, Bello, Attahiru, Abubakar, Umar. Mata kuwa A'isha, Asma'u, Hadiza, Maryam, Hauwa. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a unguwanninmu ya san zancen: ka kira suna guda, yara da dama su amsa. Na daɗe ina koyarwa a garin nan, ban kuma taɓa shiga ajin da babu takwarori a cikinsa ba. Dalilin a fili yake. Kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa, wasu da niyyar sauke farali, wasu suna gudun zama ƙarƙashin Nasara, kuma kayan mai tafiyar ƙasa ba ya yawa: allo, Alƙur'ani a gafaka, fartanya, sai sunayen mutanen da ya baro a baya. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zame mana rumbun suna, ana ta ɗiba shekara da shekaru bai ƙare ba.

Nawa ma daga can ya fito. Kakana na wajen uba ne ya ce a sa mini Muhammadu Bello, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da shi gatsal ba, sai dai ya ce "mai sunan Sarkin Musulmi". A wurinsa Bello biyu ne a duniya. Na farko ɗan Shehu, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya gaji mahaifinsa a 1817, ya riƙe daula shekara 20 har rasuwarsa a 1837, aka binne shi a Wurno. Na biyu shi ne Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya ƙi zama, ya yi kiran hijira zuwa gabas. Aka cim masa a Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, aka kashe shi a watan Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗan nasa ne ya tattara waɗanda suka tsira, suka yi shekaru a hanya, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, inda garin Mayurno yake a yau. Shekarun nan a littattafai na tsince su daga baya. Shi kakana labari yake bayarwa, yana zaune kan buzu, kuma in ya zo kan Burmi muryarsa takan sauya kamar jiya abin ya faru.

Manya sukan ce suna linzami ne. Na yarda akwai gaskiya a ciki, domin yaron da aka ce masa sunan mutumin kirki ne da shi yakan ji kunyar a kama shi da ƙarya. Sai dai na ga inda maganar ke cutarwa. Da yake Bello biyun da muka sani duk shugabanni ne kuma malamai, sai muka tashi da tunanin cewa mai wannan suna in bai zama malami ko jagoran jama'a ba, to ya gaza. Alhali masu suna Bello da na tashi a cikinsu me suke yi? Gadarif ƙasar noma ce, baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, ta koma taɓo da damina. Tun tsakiyar shekarun 1940, da aka fara noman tarakta a Gadambaliya, gonakin dawa da riɗi suka zama na feddan dubu-dubu. Tarakta takan yi huɗa ta yi shuka, amma yankan riɗi sai da hannu, kuma riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna aka yi sakacin 'yan kwanaki, kwansonsa ya buɗe, irin ya zube ƙasa. Saboda haka da kaka ta kama sai unguwa ta zama fayau, maza sun tafi daji da lauje. Wasu suna dako a kasuwar amfanin gona, wasu suna gasa agashe da yamma a bakin titi, wasu suna su a kogin Rahad, wasu suna sayar da ruwa a keken jaki, domin ƙishirwar Gadarif tsohuwa ce. Da guminsu ake cika buhunan da ake lodawa zuwa Port Sudan. Duk da haka na sha jin an dubi saurayi ya dawo daga daji, hannuwansa duk kanta, a ce masa, "Kai dai ba ka yi halin mai sunanka ba." Na ga yadda irin wannan magana ke sa namiji sunkuyar da kai, kuma har yau ba na son jin ta.

Wanda ya fara warware mini wannan ƙulli wani dattijon malami ne da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Wata rana na kawo masa zancen, sai ya ce, "Ɗana, waɗanda suke faɗin haka sunan Bello suka sani, ba su karanta Bello ba." Ya ɗauko mana Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina, kan yadda ake riƙe jama'a. A cikinsa an ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, da rarraba su cikin garuruwa don kada wani gari ya rasa. Malam ya ƙara mana da cewa shi kansa Bello bai tsaya ga sarauta da fiƙihu ba. Ya rubuta tarihin jihadi a Infaƙul Maisuri, ya yi rubuce-rubuce kan magani har da na ciwon basir, ya gina garuruwan ribaɗi ya zaunar da makiyaya su yi noma, kuma a 1824 ya karɓi Bature mai yawon binciken ƙasa, Clapperton, suka tattauna kan koguna da hanyoyin fatauci. Mutumin da ya ga cewa gari ba ya tsayuwa sai da maƙeri da mahauci, ta yaya za a ɗauki sunansa a muzanta mai yankan riɗi? Daga ranar na daina jin cewa takwarorina na daji sun fita daga cikin sunan.

Bello na uku a bangon littafi na haɗu da shi. Wani ɗan kasuwa daga Kano da yake sauka a gidan maƙwabcinmu ya bar wani ɗan ƙaramin littafi da takardunsa suka yi ja don tsufa. Mu a nan da Larabci muke karatu, Hausa a baki take, don haka sai da na sha fama kafin idona ya saba da Hausar boko. Littafin Ganɗoki ne, marubucinsa Muhammadu Bello Kagara. Abin da ya riƙe ni shi ne jarumin labarin ya yi yaƙi da Turawa, sannan ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare, wato hanyar da kakanninmu suka biyo. Ga wani Bello, bai zo Sudan da jama'a ba, bai hau gadon sarautar Musulmi ba, amma ya zauna ya rubuta ɗacin wancan zamani yadda yaro zai karanta ya ƙi ajiyewa. Da na bi sawunsa sai na tarar malamin makaranta ne kamar ni, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya yi alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Littafin ya fito ne daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Gasar nan ma tana da nata takwarorin: Abubakar Imam, ƙanen shi Bello Kagara, da Ruwan Bagaja, da kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, ɗayan ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Wuri ɗaya suka fara, da alƙalami, kowa ya bi inda rabonsa yake.

Na huɗu kuwa rediyo ce ta kawo mana shi. Dattawan unguwarmu ba sa wasa da Sashen Hausa na BBC, bayan magariba za ka gan su sun kewaye akwati ana shan jabana, wato gahawa. A nan aka riƙa ambaton Mai Shari'a Muhammad Bello, Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Haifaffen Katsina ne a 1930, ya yi karatun lauya a Ingila, ya riƙe wannan muƙami daga 1987 zuwa 1995, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya hau shi. Ya rasu a 2004. Ba zan manta da yadda wannan labari ya zauna mana ba. A lokacin mutanenmu da yawa suna wahalar samun takardar zama ɗan ƙasa a ƙasar da aka haife su, aka haifi iyayensu, har ya zama Bahaushe na ganin kotu da ofis wurare ne da ake zuwa a tsorace. Sai ga mai sunanmu, mai harshenmu, shi ne kan gaba a shari'ar ƙasa guda. Na san yaran da jin wannan ya sa suka fara tunanin karatun shari'a, abin da a da bai taɓa zo musu a rai ba.

A nan na fahimci amfanin sanin takwarori da yawa. Takwara ɗaya tak yakan zame wa yaro ma'auni, kullum ana gwada shi ana cewa bai kai ba. In sun kai huɗu, sarki da jagoran hijira da marubuci da alƙali, sai yaron ya ga ashe hanyar tana da rassa, ya fara tambayar kansa wanne ne nasa. Don haka idan iyaye suka ce mini sun sa wa ɗansu sunan wane, nakan roƙe su kada su tsaya ga mutum ɗaya in ya fara wayo.

Sai dai sanin takwara yana bukatar kula, domin suna ɗaya yana cakuɗa tarihi. Na sha jin ɗalibai, har da manya, suna cewa Sarkin Musulmi Bello ne ya zo Sudan ya kafa Mayurno. Tsakanin rasuwarsa da yaƙin Burmi shekara 66 ce. Mai Wurno ma ba ta tsatsonsa ya fito ba, ta wajen ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne, wanda ya gaje shi a 1837: Atiku ya haifi Ahmadu, Ahmadu ya haifi Attahiru. Wasu kuma sukan jefa Sardauna Ahmadu Bello cikin lissafin, su ɗauka shi ne na Wurno, alhali shi tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, Firimiyan Jihar Arewa da aka kashe a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Wani zai ce ai duk gida ɗaya ne, mene ne na wahala? Ni ina ganin akwai zalunci a ciki. Mai Wurno ya ga gawar mahaifinsa da ta jama'arsa a bayansa, ya ja mata da yara da tsofaffi ya ratsa da su ƙasashe, ya nemar musu wurin zama a hannun wasu Turawan. In aka ɗauki wannan wahala aka jingina wa wani don ya fi shahara, an ci haƙƙinsa, kuma mu da muke cin moriyar tafiyarsa mu ne bai kamata mu yi masa haka ba.

'Yan matan ajina su ne suka tuna mini cewa duk lissafin nan na maza ne. A watan Agusta na 2019, bayan faɗuwar gwamnatin Bashir, aka rantsar da Majalisar Ƙoli ta riƙon ƙwarya mai mutum 11, a cikinsu mata biyu, Raja Nikola da A'isha Musa Sa'id. Washegari wata yarinya ta tare ni a bakin aji, ta ce, "Ustaz, ka ji an sa mai sunana a shugabannin ƙasa? Har sunan babanmu ɗaya." Na ce na ji, na kuma tambaye ta ko ta san wata A'isha Musa da ta riga wannan shahara. Ba ta sani ba. Da na ce A'isha Falatiya, sai ta yi dariya, ta ce ai wannan kakarta na sauraron waƙoƙinta.

Cikakken sunanta A'isha Musa Ahmad. A Kasala aka haife ta, maƙwabciyarmu ta arewa, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo su suka zauna. Mahaifinta malamin allo ne, a gabansa ta yi karatu a Omdurman, kuma bai so waƙarta ba ko kaɗan, domin a wancan zamani mace mai waƙa a bainar jama'a abin gori ce. Ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai, sannan a farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman. Ta rasu a 1974. Ita kuwa A'isha Musa Sa'id malamar Turanci ce kuma masaniyar fassara, matar marigayi mawaƙin Larabci Muhammad Abdulhayyi. Ta zauna a majalisar har watan Mayu na 2021, ta ajiye muƙamin da kanta, tana kukan cewa an mayar da farar hula 'yan kallo a harkar mulki.

Na san a cikin iyayen ɗalibaina akwai waɗanda ba za su so a kafa wa 'yarsu misali da mawaƙiya ba, kuma ina girmama ra'ayinsu. Ban ce wa yarinyar ta zama mawaƙiya ba, ban kuma ce ta shiga siyasa ba. Abin da na so ta gani shi ne, laƙabin nan na Falatiya da ake jifan mutanenmu da shi don a nuna mana baƙunta, wata 'yar malamin allo ta ɗauke shi ta sa duk Sudan tana ambatonsa da sha'awa. Ɗayar kuma ta nuna cewa ana iya tashi daga kan kujera idan zama a kanta ya daina amfanar jama'a. Yarinya mai wannan suna tana da haƙƙin sanin su duka biyun.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya koya mini wani ɓangare na zancen takwara da littafi bai koya mini ba. Da Madani ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara, jama'a suka kwararo Gadarif. Da aka shiga Sinja a ƙarshen watan Yuni na 2024, ana damina, wani ayarin ya biyo baya, da yawansu danginmu ne na gaɓar Shuɗin Nilu, wasu sun yi kwanaki suna taka taɓo. Makarantu suka zama masauki. Mu malamai da samarin unguwa muka ɗauki aikin rubuta sunaye don rabon abinci, mu miƙa, a shigar a kwamfuta. To, mai tace sunaye in ya ga suna iri ɗaya sau biyu, sai ya ɗauka maimaici ne ko wani ne yake son cin rabo biyu, ya goge ɗaya. Ba mugunta ba ce, bai san mu ba ne. Bai san cewa a cikinmu mutum biyu su haɗa suna da sunan uba da na kaka abu ne na yau da kullum ba.

Haka wani dattijo masunci ya zo ranar rabo aka ce an riga an ba shi. Ya rantse bai karɓa ba, ga jikoki a bayansa. Da muka bincika sai muka tarar wani tela ne daga Madani, a wata makarantar, sunansu uku duk ɗaya. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, sai ka ƙara mana da sunan kakan mahaifinka, da na mahaifiyarka." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, sunan kaka zan faɗa maka. Na tsohuwa kuwa, a cikin taron nan?" Ya yi gaskiya. Takardun hukuma a Sudan suna neman suna huɗu da sunan uwa, amma dattijon Bahaushe ba ya ambaton sunan mahaifiyarsa a gaban maza, kamar yadda matan kirki da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari. Sai muka sauya tsari. Muka ware gefe guda inda mutum zai faɗa a hankali, muka sa mata su riƙa tambayar mata, in mace ta ji nauyin sunan mijinta a kira ɗanta ko maƙwabciyarta su faɗa. Muka kuma koma ga abin da Hausawa suka saba rarrabe takwarori da shi tun asali, wato gari da sana'a. Ai da haka aka san Bello Kagara da Mai Wurno, da haka kuma kowace unguwa take da Bello tela da Bello mai nama. Muka ƙara layi biyu a takardar: daga ina, kuma me kake yi.

Layin sana'ar nan don kauce wa ruɗani muka sa shi, sai ya yi mana aikin da ba mu zata ba. Da muka bi shi daga sama zuwa ƙasa muka ga ashe a cikin mutanen da ke kwance a azuzuwa suna jiran a ba su akwai ungozoma, akwai ma'aikacin jinya, akwai mai gyaran famfo, akwai alaramma, akwai matan da suka shekara suna dafa abincin sayarwa. Ungozomar ta karɓi haihuwa a makarantar ba sau ɗaya ba. Alaramman ya tara yara da asuba a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Matan suka karɓi tukwanen takiyya, wato girkin da ake raba wa jama'a, abincin ya gyaru, kuma itacen da ake ƙonawa ya ragu. Mutumin da aka tambaye shi abin da ya iya yakan miƙe tsaye dabam da wanda aka tambayi sunansa kawai aka ba shi lamba.

Masuncin da telan sun haɗu a ranar da aka gyara takardar, suka gaisa da "takwara", telan ya auno masa rabin abin da ya karɓa kafin nasa rabon ya fito. Bayan sojoji sun karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024, dattijon ya kwashi jikokinsa ya koma bakin kogi. An karɓe Madani a watan Janairu na 2025, amma telan bai koma ba. Wani mutumin unguwa ya ara masa keken ɗinki tun yana makarantar, ya samu masu kawo masa aiki, yanzu yana da rumfa a kasuwa kuma ya sa 'ya'yansa a makaranta a nan.